Aku ya shekara 27 a gidanmu, ga dalilin da ya sa nake ce muku kar ku saya

1/ ZARE 🧵
Jama'a, yau maganar aku za mu yi. Kwana biyun nan bidiyonsa ya cika TikTok da Instagram, kowa sai cewa yake "wallahi ni ma sai na mallaki ɗaya". Har wani ɗan'uwa ya turo min saƙo yana tambayar inda zai samu wani baƙin aku na Madagaska mai suna vasa. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ni ɗan Zango ne, a masarautar Daura, dab da iyakar Nijar. A gidanmu akwai aku tun 1998, irin mai ruwan toka da jar wutsiyar nan. Tare muka tashi, kuma tun 2019 ɗawainiyarsa a wuyana take. Ina son tsuntsun nan ƙwarai. Duk da haka in ka nemi shawarata, cewa zan yi kar ka saya.

3/ Baffana, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu yake yi. Yana ɗauka a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya kai kudu. A wata tafiya ya dawo da ɗan aku a kwali, idonsa baƙi wuluk. Mu a gida Dattijo muke ce masa, saboda yadda yake karkata kai yana kallon mutum kamar zai yi masa faɗa.

4/ Ku riƙe maganar idon nan. Irin wannan aku, in yana ƙarami idonsa baƙi ne, sai ya girma yake komawa ruwan ɗorawa mai haske. Ma'ana, lokacin da Dattijo ya shigo gidanmu jinjiri ne, bai daɗe da barin sheƙa ba. Zan dawo kan wannan a gaba.

5/ Na san abin da ke jan mu. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya taso da hoton aku a ransa: tsuntsu mai hikima, mai zuba labari har gari ya waye, wanda har sarauta aka ba shi. Tun ƙarshen shekarun 1930 littafin nan ke hannun 'yan makaranta. Dole Bahaushe ya so aku.

6/ Kuma basirar gaskiya ce. A Amurka wata mai bincike, Irene Pepperberg, ta shekara 30 tana aiki da wani aku irin namu mai suna Alex. Ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Ya mutu a 2007 yana da shekara 31, kuma a irinsu wannan mutuwar wuri ce.

7/ Eh, mutuwar wuri. Aku mai ruwan toka in ya samu kulawa yana kai shekara 40 zuwa 60. Kai da kake da shekara 22 yau, in ka saya, za ka gama karatu, ka yi bautar ƙasa, ka yi aure, ka aurar da 'ya'ya, shi yana nan yana jiran a kawo masa abincin safe. Ka taɓa yin wannan lissafin?

8/ Baffa ya rasu a 2019. Shi ne mutumin Dattijo. A kafaɗarsa yake zama in ana hira a zaure, shi kaɗai yake bari ya sosa masa ƙeya. Aku haka yake, mutum ɗaya yake zaɓa ya manne masa, don a daji ma da abokiyar zama guda yake rayuwa shekara da shekaru.

9/ Bayan rasuwar, sati biyu bai ce uffan ba. Abinci sai ya taɓa ya zubar. Daga nan ya fara fizge gashin ƙirjinsa da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, har fata ta fito fili. Kullum da safe sai in share gashi a ƙarƙashin keji kamar an fige kaza.

10/ Likitan dabbobin da ya duba shi ya ce ba ƙwarƙwata ba ce, ba cutar fata ba ce, damuwa ce da kaɗaici. Ya ce magani ɗaya ne: wani ya maye gurbin mai shi, ya zauna da shi kullum. Wata takwas na yi ina zama gefen kejin nan bayan la'asar kafin ya yarda ya karɓi dabino daga hannuna ba tare da ya kai min cizo ba.

11/ Cizon aku kuma ba wasa ba ne. Bakin da ke fasa ƙwallon 'ya'yan itace, yatsa ba komai ba ne a wurinsa. Akwai tabo a babban yatsana har yau. Ƙananan yaran gidanmu duk sun san dokar: kallo daga nesa.

12/ Ranar da ya dawo da magana ita ce ba zan manta ba. Bayan sallar asuba, gida tsit, sai muka ji gyaran muryar Baffa, da sallamarsa, sak yadda yake yi in ya dawo daga masallaci. Inna, matarsa, tana tsakar gida da buta a hannu. Ajiye butar ta yi ta koma ɗaki. Ranar ba ta fito ba sai azahar.

13/ Ba da jimawa ba wani ya zo daga birni ya taya shi da kuɗin da za su sayi ɗan bijimi. Yayyena suka ce a sayar, ko Inna ta huta da tunani. Aka kai mata maganar. Ta ce min, "Kai ɗan nan, ku da kuke da shi a waya kuna kunnawa, ni a ina zan riƙa jin muryar Alhaji?" Daga nan maganar ciniki ta mutu.

14/ To kun ga daɗin, kun ga nauyin. Bari yanzu in nuna muku abin da bidiyon daƙiƙa 30 ba ya nunawa.

15/ Na farko, ƙara. Ba magana kaɗai aku yake kwaikwaya ba. Dattijo ya iya kukan akuya, ƙarar buɗe ƙofar zaure, odar babur, da ringin wata tsohuwar Nokia da ta mutu tun ina firamare. Da asuba yake farawa. In kana gidan haya, kai da maƙwabta sai kun je gaban mai unguwa.

16/ Na biyu, bakinsa ba ya da sakata. Abin da aka faɗa da ƙarfi da fushi shi ya fi saurin ɗauka. Akwai wata kalma da wani yayana ya taɓa jefa wa akuya shekarun baya. Har yau in baƙi sun zo gaisuwa gabana faɗuwa yake yi 😅

17/ Na uku, abinci. Yawancin mutane gyaɗa kawai suke zuba masa. Gyaɗa zalla mai ne ya yi yawa, tana lalata hanta. In kuma ta yi funfuna a ajiya, tana ɗauke da guba da ƙwayoyin da ke kama huhun tsuntsu. A daji irin wannan aku 'ya'yan itace yake ci iri-iri, musamman kwakwar manja.

18/ Abin da nake ba Dattijo: gero da dawa, ɗanyar masara in lokacinta ne, gwanda, goba, mangwaro, ayaba, karas, kabewa, ganyen zogale, dafaffen wake, wani lokaci dafaffen ƙwai da ɗan ɓawonsa saboda ƙarfin ƙashi. Yana cin barkono kamar alewa, don tsuntsu ba ya jin yaji irin yadda muke ji.

19/ Abin da ba ya kusantar kejinsa: fiya, cakulan, shayi, kofi, albasa, abinci mai gishiri. Sai goro. Na sha ganin baƙo ya ɓantari goro zai miƙa masa don raha. Sinadarin da ke wartsake mutum a goro shi ne dai na kofi, kuma zuciyar tsuntsu ba ta ɗaukarsa.

20/ Na huɗu, iska. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin zuƙar guba. Maganin sauro na kunnawa, na feshi, turaren wuta, hayaƙin janareta, tukunyar nan ta zamani da abinci ba ya kamawa in ta yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe aku a dare ɗaya. Ku gaya min gidan Bahaushe da babu turaren wuta.

21/ Na biyar, yanayi. Tsuntsun kurmi ne, inda ruwa ke sauka mafi yawan shekara, kamar Kuros Riba da yankin Neja Delta har zuwa Kamaru da Kwango. Mu kuwa a Zango, watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura da bushewar da ke tsaga leɓe.

22/ Da bazara sau biyu nake yayyafa masa ruwa a rana, in matsar da kejin ƙarƙashin darbejiya. Da hunturu in lulluɓe kejin da bargo da dare. Yana buƙatar hantsi kaɗan kullum, yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu. In zan kwana a Katsina ko Kano, sai na bar wa ƙanwata dogon bayani kamar mai barin jariri.

23/ Na shida, lafiya. Likitocin dabbobin da ke kusa da mu aikinsu shanu, tumaki, awaki da kaji, don su ne dukiyar jama'a. Wanda ya ƙware a aku sai an yi tafiya mai nisa, irin su asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya. Ga shi aku yana ɓoye ciwo, kafin ka lura ya yi nisa.

24/ Kai ma da taka lafiyar. Irinsa yana fitar da wani farin gari daga gashinsa mai tayar wa masu asma. Akwai kuma wata cuta da ake ɗauka daga busasshen kashin aku, tana zuwa da zazzaɓi da tari kamar ciwon huhu. Shi ya sa nake jiƙa ƙasan keji kafin in share.

25/ Duk wannan wahalar mai gida ce. Yanzu mu koma kan idon nan baƙi da na ce ku riƙe.

26/ Aku a kogon manyan itatuwa yake sheƙa. Ƙwai biyu zuwa huɗu uwar take yi, kuma sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara haihuwa. Masu kamawa ko dai su hau su kwashe 'ya'yan, ko su sare itacen, ko su shafa danƙo a reshe su ɗaure wani akun a gefe yana kuka, 'yan'uwansa su sauko su manne.

27/ Daga nan a cusa su a akwati ko kwando, a yanke musu fiffike, a ɗauko su kwana da kwanaki a bayan mota cikin zafi. Da yawa ba sa isowa da rai. Wanda ka gani a keji a bakin titi shi ne wanda ya tsira. Kuɗin da ka biya kuma shi ne kuɗin motar komawa daji a ɗebo wasu.

28/ Ga sakamakon. Daga 1975 zuwa 2013 an fitar da irin wannan aku sama da miliyan ɗaya daga Afirka, wannan na kan takarda ke nan. A Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunsu sun ɓace tun daga 1992. Ƙasar da a da garkensu ke rufe itace.

29/ Shi ya sa a 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ƙasashe suka saka shi a rukuni na ɗaya. Ma'ana an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya tana cikin yarjejeniyar, kuma tana da tata dokar tun 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016.

30/ Kar ku ɗauka abin ya tsaya a takarda. A 2025 jami'an kwastan sun kama tsuntsaye sama da 1,600 a filin jirgin saman Legas, tsirya da kanari, ana shirin kai su Kuwait. Tsirya fa, koriyar nan mai doguwar wutsiya da ke wucewa ta saman gonakinmu tana tsuwa.

31/ Yanzu vasa, don ɗan'uwan da ya tambaya. A Madagaska da tsibiran Komoros yake. Iri biyu aka fi sani, babba da ƙarami. Babban yana kai kusan santimita 50. Launinsa baƙi-baƙi kamar toka mai duhu, wuyansa dogo, daga nesa sai ka rantse hankaka ne ko shirwa.

32/ Tsuntsu ne mai abin mamaki, ban musa ba. Lokacin haihuwa gashin kan macen zubewa yake yi, kan ya zama sanƙo, fatar ta koma ruwan ɗorawa. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ta kama ta. Ita ce mai iko, kuma maza da yawa ne suke kawo mata abinci tana kiwon 'ya'ya.

33/ A 2015 masu bincike daga Jami'ar York a Ingila sun ga wasu vasa a wani gidan namun daji suna ɗaukar tsakuwa ko ƙwallon dabino da baki, suna goga shi a ɓawon dodon-koɗi na teku, su lashe garin don samun sinadarin ƙarfin ƙashi. Tsuntsu da dutsen niƙa. Ikon Allah.

34/ To amma ka tambayi kanka: mai irin wannan ƙwaƙwalwar, me zai yi a kejin da bai fi kwalin indomi ba? Vasa gwanin tashi ne, masu kiwonsa ɗaki guda na waya suke gina masa mai tsawo. Yana son wankan ruwa, wankan ƙasa da shan hantsi. Magana kuma bai kai namu mai ruwan toka ba, in ita kake nema.

35/ Ga wani abin dariya. A can Madagaska manoma kallon ɓarawon gona suke yi masa, yana faɗa wa masara da shinkafa, kamar yadda muke ji da jan-baki a gonar gero. Abin da kake shirin tara albashin wata da watanni ka saya, wani yana can yana korarsa da gwangwani.

36/ Kuma shi ma yana cikin CITES, rukuni na biyu, ba ya ƙetare iyaka sai da takardun izini. Duk wanda ya ce maka a intanet yana da vasa, ka tura kuɗi a saka maka a mota, ɗayan biyu ne: ko ɗan damfara, ko ɗan fasa-ƙwauri. Duka biyun ba abokan ciniki ba ne.

37/ Na san wani zai ce, "To Malam, haramun ne?" Ni ba mufti ba ne, amma abin da muka koya a islamiyya a fili yake. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) har yana tambayarsa labarinsa. Daga nan malamai suka ce ajiye tsuntsu ya halatta in za a ba shi haƙƙinsa.

38/ Sai dai akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Akwai kuma wanda Abu Dawud ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fiffike, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata. Wannan na biyun shi nake tunawa in na tuna kwalin 1998.

39/ Baffa mutumin kirki ne, a zamaninsa ba wanda ya san wannan lissafin, kuma ya riƙe tsuntsun nan shekara 21 kamar ɗa. Mu kuwa ga waya a hannu, ga bayani a gabanmu. Hukuncin wanda ya sani daban yake.

40/ "To ka sake shi mana." Ana yawan ce min haka. In na buɗe kejin yau, ina zai je? Daga Zango zuwa kurmi ɗaruruwan kilomita ne. Bai san neman abinci ba, bai san shaho ba, bai san 'yan'uwansa ba. Kwana uku ba zai yi ba, ko yunwa, ko mage, ko yaro da danƙon harbi. Sakinsa kashe shi ne da suna mai daɗi.

41/ Don haka in akwai aku a gidanku tuntuni, riƙe shi za ka yi da kyau. Ka faɗaɗa masa keji yadda zai buɗe fiffike duka biyu. Ka guji waya mai tsatsa ko fenti. Ka sa masa rassan itace ya riƙa ɓarza. Ka fito da shi a ɗaki rufaffe, fanka a kashe. Ka canza ruwa kullum. Ka zauna ka yi masa hira.

42/ Sannan ku yi magana a gida tun yanzu: in mai shi ya yi tafiya, ko ya yi aure, ko ta Allah ta kasance, wa zai karɓa? Wanda zai gaje shi ya fara sabawa da shi tun mai shi yana nan. Ni ƙanwata nake koya wa, ita kuma tana jan babban ɗan yayanmu.

43/ In kuma sha'awar tsuntsu ce ke damunka kuma ba ka riga ka saya ba, ga tattabaru. Kiwon iyaye da kakanni ne, sun san zafinmu da hunturunmu, gero da ruwa sun ishe su, su tashi su zaga gari su dawo da kansu. Ba wanda ya sare itace a kurmi kafin ka same su.

44/ Aku ma muna da namu na gida. Ban da tsirya akwai ɗan guntun nan mai kai ruwan toka, baya kore, ciki ruwan ɗorawa. Su ma a kogon tsoffin itatuwa suke sheƙa, irin su kuka da gawo da tsamiya. Dattawan garinmu suna cewa a da sun fi haka yawa, kafin itacen girki da gawayi su ci manyan bishiyoyi.

45/ In kana son ganinsu, ga hanya mai arha. Ka bar tsohuwar bishiyar gonarku a tsaye. Ka ajiye kasko da ruwa a inuwa lokacin bazara, kana canzawa. In ka ga yara sun ɗebo 'ya'yan tsirya suna talla, kar ka saya ko da don tausayi, cinikin ne ke mayar da su gobe. Ka sa su mayar tun uwar tana kusa.

46/ Masu tambaya ko Dattijo na sayarwa ne, a'a, ku yi haƙuri. Masu aku a gida da ke son bayani kan abinci ko keji, ku ajiye tambaya a ƙasa, zan amsa iya abin da na sani bayan isha'i. Ku tura wa abokin nan naku da ke tara kuɗin aku. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana. 🤲